Mun Yi Wa Gado Lulluɓi, Mun Bar Wa Sauro 'Ya'yanmu



Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu dare domin mu huta, ya kuma ba mu hankali domin mu tsare amanar da ya damƙa mana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan uwana matasa maza da mata, yau ina so mu yi magana a kan wani abu da mai karatu zai iya ganin bai kai a ɓata tawada a kansa ba, wato yadin nan shara-shara da ake yayin ratayawa a saman gadon amarya. Ana zuba shi tun daga silin, ko a kafa masa sanduna huɗu, a tattaro shi gefe-gefe a ɗaure da zare mai walƙiya, wani lokaci har a saƙala masa ƙananan fitilu. 'Yan jere sukan kwashe yini guda suna gyara faɗuwarsa, 'yan ganin ɗaki su shigo su yi ta guɗa, a ɗauki hoto a watsa. Yayin ya taso daga birni, yanzu kuma ya iso mana nan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, har ya kai yarinya tana kuka idan ba a yi mata ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da yake biyo baya. A ɗakin da aka yi wannan rumfa, da wuya ka ga gidan sauro. Idan ka tambaya sai a ce maka zai ɓata tsarin ɗaki, ko a ce ai kayan asibiti ne, ko kayan rabo ne na talakawa. Shekara ta zagayo, amarya ta haihu, a kwantar da jariri a ƙarƙashin wannan leshi a tsakiyar damina. Wannan shi ne abin da nake jayayya da shi, kuma zan faɗi hujjata ba tare da kwana-kwana ba.

ASALIN RUMFAR GADO

Mu fara da tambayar da masu yayin ba su yi wa kansu ba: me ya sa tun farko ɗan Adam ya fara rataya yadi a kan makwancinsa?

Masanin tarihin nan na Girka, Hirodotus, wanda ya rayu a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ba da labarin masuntan Masar mazauna fadama. Da rana su kama kifi da komarsu, da dare su lulluɓe makwancinsu da ita saboda sauro. Kalmar da Turawan Ingila suke kiran rumfar gado da ita a yau ma, asalinta daga harshen Girkanci ne, an ciro ta daga sunan sauro. Larabawa suna da kalmar killa, wato siririn labulen da ake ɗinkawa kamar ɗaki a shiga ciki don gudun cizon sauro, a yau kuma sun fi cewa namusiyya. Suna da hajala, wato rumfar da ake ƙawata wa amarya, kuma ɗaliban hadisi sun san kalmar, domin da maɓallinta ne Sa'ibu ɗan Yazidu (RA) ya kwatanta hatimin annabci da ya gani a bayan Manzon Allah (SAW), kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Mu ma nan ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne. Iyayenmu mata sun san gado mai rumfa, na ƙarfe, wanda ya gaji gadon kara da gadon ƙasa, aka yi yayinsa tare da jeren kwalla da samira kafin zuwan gadon fomeka. Ƙarafunan nan huɗu da ke tsaye a kusurwoyinsa sun dace da rataya labule, sun kuma dace da ɗaura gidan sauro.

Ke nan rumfar gado ta samo asali ne daga buƙatar tsaro, ado ya biyo baya. Mu kuma sai muka riƙe adon, muka yar da tsaron. Mun zama kamar wanda ya sayi kube mai kyan dinki ya bar takobin a kasuwa. Abin ban takaici ma, masuntan Masar sun mai da komar kifi gidan sauro, mu kuma a yau akwai masu mai da gidan sauro komar kifi.

Kada wani ya ruɗi kansa cewa ai leshin ma yana tare sauro. Gabansa a buɗe yake, gefensa a ɗaure yake, bai kai ƙarƙashin katifa ba, kuma babu magani a jikinsa. Sauron da yake ɗauke da zazzaɓi, bayan ya sha jini, yana son wuri mai duhu a cikin ɗaki ya lafe, kamar bayan labule da jikin tufafin da aka rataya. Duk ninkin da aka yi wa yadin nan masauki ne aka tanadar masa.

ABIN DA SAURO YAKE YI MANA

Allah (SWT) ya ambaci sauro a aya ta 26 cikin Suratul Baƙara, ya buga misali da shi duk da ƙanƙantarsa. A cikin wannan akwai izina ga mai raina ƙaramar halitta.

A shekarar 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar maleriya a cikin jinin majinyaci a Aljeriya. A 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a ƙasar Indiya. Tun daga nan aka san hanyar da take bi: macen wani nau'in sauro da ake kira anofilis ta ciji mai ɗauke da cutar, ƙwayar ta yi kwana goma zuwa sha huɗu tana girma a cikinta, sannan ta ciji mai lafiya ta zuba masa. Ƙwayar ta fara sauka a hanta, ta hayayyafa, ta fito ta riƙa fasa jajayen ƙwayoyin jini. Daga nan ne ake samun zazzaɓi da rawar ɗari, da ƙarancin jini, da jijjigar da iyaye mata suke ɗora wa iska ko tsuntsu. Wannan sauro kuwa galibin cizonsa da dare ne, lokacin da mutane suke barci. Saboda haka fagen daga shi ne gado.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da maleriya sau miliyan 263 a duniya, mutum kimanin 597,000 suka mutu. Nijeriya ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi 26 cikin 100 na masu kamuwa, da kusan kashi 31 cikin 100 na mamatan. Idan ka yi lissafi, sama da mutum 180,000 ke nan a shekara guda, wato kimanin 500 a kowace rana. A nahiyar Afirka, kimanin uku cikin huɗu na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Da a ce mota ce take kife da yara ɗari-ɗari kullum a hanyar Kwanar Ɗangora, da tuni an tare titi, an yi alƙunutu a masallatai. Amma da yake ana mutuwar ne ɗaiɗai, a cikin ɗakuna, cikin dare, sai mu ce kwana ne ya ƙare, mu shafa fatiha mu watse.

Mu kuma 'yan kudancin Kano muna da ƙarin dalili. Allah ya hore mana ruwa fiye da 'yan uwanmu na arewacin jiha. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana ƙasar Bebeji, ita ce kuma take shayar da noman rani na Kadawa da Kura. Ga fadamun shinkafa na Tudun Wada, ga dajin Falgore da ƙoramun Doguwa. Wannan ni'ima ce babba, da ita muke ci muke ciyar da wasu. Sai dai inda ruwa ya kwanta nan sauro yake zuba ƙwai, kuma wanda yake makwabtaka da noman rani bai gama da sauro ba don damina ta wuce.

Ni malamin Islamiyya ne, kuma rajistar aji ba ta ƙarya. Daga marka zuwa kaka, idan na kira suna, amsar da na fi ji ita ce: Malam, ba shi da lafiya. Yaron da ya kusa haɗa izu sai ya yi mako biyu a kwance, ya dawo idanu sun yi fari, hadda ta zube. Akwai kuma sunan da nakan ja wa layi, domin mai shi ba zai sake amsawa ba. Idan na je gaisuwa, nakan ga gidan ba a rasa labule masu tsada ba.

MIZANIN SHARI'A

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce ado haramun ne ba, kuma ba ni da ikon haramta abin da Allah bai haramta ba. Ƙawata ɗakin amarya abu ne da sahabbai suka sani. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi bayan aurensa ko sun sami shimfiɗu na ƙawa, ya kuma yi masa albishir cewa za su samu nan gaba, malamai suka kafa hujja da wannan a kan halascinsu.

Amma akwai ɗaya ɓangaren. Muslim ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta taɓa rataya wani yadi a ƙofa, Manzon Allah (SAW) ya dawo daga tafiya ya nuna rashin jin daɗi, ya cire shi, ya kuma sanar da ita cewa ba a umarce mu da tufatar da duwatsu da laka ba. Bukhari ya kawo cewa Abdullahi ɗan Umar (RA) ya gayyaci Abu Ayyuba Al-Ansari (RA) walima, da ya zo ya ga an lulluɓe bango da yadi sai ya juya bai ci abincin ba. Da yawan malamai sun ɗauki wannan a matsayin karhanci, ba haramci ba. Shimfiɗar shugaban halitta kansa fata ce da aka cusa wa kaba, kuma kayan ɗakin Nana Faɗima (RA) ba su wuce bargo da salka da matashi da 'yan abubuwa kaɗan ba.

To, a nan ne ilimin maƙasid yake yi mana jagora. Imam Gazali a cikin Al-Mustasfa, da Imam Shaɗibi, wanda Bamalike ne, a cikin Al-Muwafaƙat, sun karkasa maslahohi hawa uku. Akwai larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, wato tsare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya. Akwai buƙata, wadda rashinta yake jawo ƙunci. Sannan akwai ƙawa, wadda take ƙara wa rayuwa kyau. Ƙa'idar ita ce, idan suka ci karo, na ƙasa shi yake kaucewa. Yanzu ɗan uwa ka ɗora abubuwan nan biyu a kan wannan mizani. Leshin rumfa a wane hawa yake? Gidan sauro a ƙasar da maleriya take kashe ɗaruruwa kullum, a wane hawa yake? Wanda ya ƙi na biyu domin kada ya ɓata na farko, ya kife tsarin shari'a, ya mai da ƙafa sama kai ƙasa. Halal ɗin da ya zama sanadin tozarta wajibi ya tashi daga matsayinsa na farko.

Kuma wannan ba sabon karatu ba ne a ƙasarmu. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi a kan maslahohin ɗan Adam da suka shafi addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa littattafai da dama a kan magani. Magabatanmu ba su ɗauki kiwon lafiya a matsayin karatun boko ba.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Na farko, tawakkali. Sai ka ji matashi ya ce ai cuta da mutuwa na Allah ne, ko ka shiga gidan sauro sai abin da Allah ya rubuta. Maganar gaskiya ce aka yi nufin lalaci da ita. Wanda ya fi kowa tawakkali ya ɓuya kwana uku a kogon Saur, ya ɗauki ɗan jagora a hanyar Hijira, ya sanya sulke biyu ranar Uhudu. Tirmizi ya ruwaito cewa ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Shi ne ya koya mana rufe ƙofa da rufe ƙwarya da kashe fitila in za a kwanta, da kakkaɓe shimfiɗa kafin a hau. Lokacin da Muhajirai suka isa Madina a shekarar 622, zazzaɓi ya kwantar da Sayyidina Abubakar da Bilal (RA), Nana A'isha ta ambaci kwarin Buɗhan da gurɓataccen ruwansa, Manzon Allah (SAW) kuma bai ce a zauna da cutar ba, ya roƙi Allah ya kawar da ita daga garin. Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annobar Amwas, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya nuna cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Ka karanta azkar ɗinka na barci, ka tofa wa 'ya'yanka, sannan ka sauke gidan sauro ka cusa shi ƙarƙashin katifa. Mai wannan uzuri fa shi ne yake sa wa babur ɗinsa kwaɗo biyu a ƙofar masallaci. Me ya sa tawakkalin bai tashi ba sai a kan jinin ɗansa?

Na biyu, zargi. Ana cewa maganin da ke jikin gidan sauron makirci ne na hana haihuwa. Ba zan yi wa mai wannan tsoro dariya ba, domin mutanen Kano suna da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, kuma mun ga abin da ya biyo baya: cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yaran da suka shanye kuwa namu ne. Shari'a ta hore mu da bincike, ba ta ce mu rayu a kan jita-jita ba. Maganin da aka fi sa wa gidan sauro danginsu ɗaya da wanda ke cikin maganin sauro na feshi da na kunnawa, wanda muke saye da kuɗinmu mu rufe ƙofa mu shaƙa har asuba. Kano tana cikin jihohin farko da aka fara rabon gidan sauro gida-gida a 2009, biyu ga kowane gida. Yau shekaru nawa ke nan? A wace unguwa aka daina suna? Abin da aka tabbatar yana zubar da ciki, yana sa a haifi jariri ba nauyi, yana tsotse jinin mai ciki, shi ne maleriyar kanta.

Na uku, zafi da ƙaiƙayi. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, musamman a bazara. Amma ƙaiƙayin yawanci daga rashin bin ƙa'ida ne: sabon gidan sauro ana shanya shi a inuwa kwana guda kafin a kwana ciki. Zafin kuwa, a gaya mini, da zafin gidan sauro da zafin jikin yaron da yake jijjiga a kafaɗarka ƙarfe biyun dare kana neman mai babur, wanne ya fi sauƙi? Kuma ana iya ɗaura shi a tsakar gida idan a waje ake kwana.

Na huɗu, wai farinsa yana kama da likkafani. Subhanallah! Leshin rumfar ma ai fari ne. Wannan camfi ne, kuma Musulunci ya zo ya rushe camfi.

Na biyar shi ne na gaskiyar, wanda ba a cika faɗa ba: kunyar idon mutane. Kada ƙawaye su shigo su ga kayan rabo a ɗakin amarya. A nan ne cutar zuciya take. Mun kai matsayin da muke tsoron bakin 'yan ganin ɗaki fiye da tsoron tambayar Allah a kan amana. 'Yan ganin ɗaki kwana nawa za su yi? Ranar da ake neman jini leda ɗaya a asibiti, ko ɗaya daga cikin masu guɗar nan ba za ki gani ba.

Ga mai son hujjar ilimi kuma, ga ta. Binciken da aka yi a Gambiya aka buga a 1991, da waɗanda suka biyo baya a Gana da Kenya da Burkina Faso, sun nuna gidan sauro mai magani yana rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi 17 cikin 100 idan aka haɗa sakamakonsu. Wani babban nazari da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa an kauce wa kamuwa da maleriya sau miliyan 663 a Afirka daga 2000 zuwa 2015, kuma kimanin kashi 68 cikin 100 na wannan nasara gidan sauro ne ya kawo ta. Sirrinsa shi ne aiki biyu yake yi: ya tare, ya kuma kashe. Numfashin mai barci ya jawo sauro, ya sauka a kan ragar, maganin ya kama shi. Don haka wanda ya kwana a ciki ya rage wa maƙwabcinsa ma sauro. Ka ga ashe har haƙƙin maƙwabtaka ya shigo ciki.

LAIFIN WA?

Abu ne mai sauƙi a ɗora wa mata, amma ba zan yi haka ba. Hadisin Ibn Umar da kowane ɗan Islamiyya ya haddace ya sanya kowa makiyayi abin tambaya, ya fara da shugaba, ya zo kan magidanci. Abu Dawuda kuma ya ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya tozarta waɗanda yake ciyarwa. Mazauni da abin da zai sa a zauna lafiya a cikinsa nauyin miji ne. Kai ango, ka iya haɗa lefe akwati shida, ka iya kama wurin dina, ka iya sayen waya mai tsada, amma gidan sauro kana jira gwamnati ta kawo maka?

Ku kuma iyaye, a mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka sani shi ne a yi wa amarya kayan ɗaki gwargwadon sadakin da aka karɓa bisa al'ada. Babu inda aka wajabta wa uba ya jinginar da gonarsa ta fadama ko ya sayar da shanun huɗa domin a yi wa gado lulluɓi. Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, ta yi magana mai zafi a kan masu almubazzaranci, kuma mafi munin almubazzaranci shi ne wanda aka yi da kuɗin bashi aka bar larura.

Mu malamai ma muna da namu kason. Mukan kwashe wata guda muna jayayya a kan ƙabalu da sadalu, amma huɗuba nawa aka yi a kan abin da yake cika mana maƙabarta da ƙananan kaburbura? Hukumomi kuma, a Abuja aka tara shugabannin Afirka ranar 25 ga Afrilu, 2000, aka yi alkawarin cewa zuwa 2005 kashi 60 cikin 100 na yara da masu ciki za su riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani. Ba a cika alkawarin a kan lokaci ba. Sai dai gazawar hukuma ba ta sauke wa magidanci nasa nauyin. Wanda aka ba shi kyauta ya je ya katange renon tumatir da shi, ko ya rufe akurkin kaji, ko ya yi ragar ƙwallo, ko ya kai kasuwa, da wane baki zai zagi gwamnati? Tumatir ya sami gata, Abba da Ummi suna kwana a fili.

ABIN YI

Ba na neman a yaga wa kowa labule. Ga abin da nake kira gare shi.

Ɗaya, gidan sauro mai magani ya shiga jerin kayan ɗaki, a rubuta shi kusa da katifa, kuma ango ne zai saya. Gwaggo ko yayar da take jagorantar jere ta ƙi tashi sai ta ga an ɗaura shi.

Biyu, wadda take son rumfa ta yi rumfarta, amma kafinta ya yi sandunan yadda za su ɗauki gidan sauro mai kusurwa huɗu. Da rana a naɗe shi sama, leshi ya rufe shi. Da magariba a sauke, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta kowane gefe. Kada a fesa wa leshi fiya-fiya da sunan an mai da shi mai magani, wannan guba ce ga mai numfashi a ciki. A kuma nisanta kyandir da maganin sauro na kunnawa daga kowane irin yadi.

Uku, a kula da shi. A wanke shi da sabulu mai sauƙi ba da yawa ba, a shanya a inuwa, a ɗinke inda ya yage. An yi shi ne ya yi kimanin shekara uku da wanki kamar 20, bayan nan a sake. Idan bai isa kowa ba, mai ciki da ƙananan yara su ne a gaba.

Huɗu, gidan sauro ba ya hana sauran matakai. Mai ciki ta je awo ta sha maganin rigakafin da ake ba ta. A buɗe wa masu rabon maganin damina ƙofa, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, a kuma cika kwanakin shansa. Yaro in ya yi zazzaɓi a gwada jininsa a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe sai ya galabaita. Allurar rigakafin maleriya da Nijeriya ta fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 ma, masananta sun ce tare da gidan sauro take aiki. Matasan unguwa kuma su yi gayya su cike kududdufan da ba su da amfani, su yashe kwata.

Biyar, mu tuna da almajirai da 'yan makarantun kwana. Mai neman sadaka mai gudana, ga ƙofa a buɗe: ka sayi gidan sauro goma ka kai tsangayar garinku, ka taya su ɗaurawa.

Ya 'yar uwata mai shirin aure, ke ce uwar gobe, kuma ɗakin nan da ake ƙawatawa nan ne za ki yi goyo. Ya ɗan uwana mai shirin angwanci, ranar da waliyyi ya ce ya ba ka, amana ce ka karɓa a gaban shaidu. Ku yi adonku daidai ƙarfinku, Allah ya sanya albarka. Amma kada ku yarda a tufatar da katako a bar jikin da Allah ya karrama a buɗe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan yaran da suka riga mu, ya sanya su masu ceton iyayensu, ya ba mu ikon gane abin da ya fi muhimmanci mu gabatar da shi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuma shi ne mafi sani.